Ruwan rijiya da man inji: lissafin da ya kamata mu yi kafin bazara

A arewacin Dakwaro, Abalak, Cintabaradan da Tanut, rayuwar garke daga watan Janairu zuwa saukar damina tana rataye da abu biyu: ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa da ƙarfin da zai fiddo shi. A da ƙarfin nan na sa ne, ko raƙumi, ko jaki, da igiya da wasaki. Yanzu a wurare da yawa ya koma na inji mai shan gazuwal ko esansi. Ruwan da man duk daga cikin ƙasa ake haƙo su, kuma dukansu suna da iyaka.

Aikina na malamin dabbobi allura ne, da duba marasa lafiya, da ba da shawara. Amma yawancin dabbobin da ake kirana in duba tsakanin Maris da Yuni, in aka bi diddigin ciwonsu, a bakin ruwa ya faro: ko ruwan bai isa ba, ko ya lalace, ko cunkoson mashaya ya haɗa mai lafiya da marar lafiya. Shi ya sa nake so mu zauna mu yi wannan lissafi tare, tun ciyawa tana nan kuma tabkuna ba su ƙafe ba.

Ruwan ƙasa iri biyu ne

Mutane da yawa suna ɗauka cewa akwai wani babban kogi da ke gudana a ƙarƙashin ƙasa, duk inda aka huda sai a same shi. A gaskiya ruwan yana zaune ne a tsakanin ƙwayoyin rairayi da tsakuwa da cikin tsagar duwatsu, kamar yadda soso ke riƙe ruwa. Kuma iri biyu ne.

Na farko shi ne na kusa, wanda damina ke ciyarwa. Shi muke samu a fadamu da kwaruruka, irin su Gulbin Maraɗi, Gulbin Kaba, kwarin Tarka, Majiya da Koramar Damagaram. In damina ta yi kyau sai ya hau, in ta yi gardama sai ya sauka. Wannan kamar nonon saniya yake: a tatsa yau, gobe ya dawo, muddin ana ciyar da uwar. Sai dai kaɗan ne daga cikin ruwan saman ke kaiwa can ƙasa. Mafi yawansa rana ce ke shanyewa, ko tsirrai su sha, ko ya gudu a kan ƙasa.

Na biyu shi ne na can ƙasa sosai, wanda manyan foraj ke kaiwa, wasunsu sai an haƙa ɗaruruwan mita. Mafi yawan wannan ruwa tsoho ne. Ya taru tun zamanin da Sahara take kore, shekaru dubbai da suka wuce. Shaidar wancan zamani tana nan: zanen raƙuman dawa a dutsen Dabus, arewa da Agadas, da zanen shanu a duwatsun Abzin, da ƙasusuwan kifi da kada da aka tono a Gobero, inda yanzu babu komai sai rairayi. Ruwan saman da ya cika wancan rumbu ba ya sauka haka yanzu. A yankin makiyaya, shekarar da aka samu milimita 300 ana cewa an gode. Saboda haka tsohon ruwan nan kamar gadon hatsi ne a rumbun da gonarsa ta daina ba da amfani: duk mudun da aka ɗiba ya tafi, abin da ke komawa ciki kaɗan ne ƙwarai.

Babban rumbun da ke ƙarƙashin Tawa, Dosso, Maraɗi da wani yanki na Agadas da Damagaram, masana suna kiransa Iullemeden. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 500,000, kuma ba namu ne mu kaɗai ba, muna tarayya a kansa da Mali da Najeriya. Binciken da ƙasashen uku suka yi tare da cibiyar OSS mai kula da Sahara da Sahel ya nuna cewa ruwan da ake ɗiba daga cikinsa a shekara ya tashi daga kimanin mita kubik miliyan 50 a 1970 zuwa miliyan 180 a 2004, kuma tun wajajen 1995 abin da ake ɗiba ya zarce abin da ke komawa. Mita kubik ɗaya lita 1,000 ke nan, wato tano biyar. Tun daga 2004 kuwa jama'a sun ƙaru, garuruwa sun girma, lambuna sun yawaita. A ƙidayar 2012 mun haura miliyan 17, yau mun wuce miliyan 25.

Wannan ba yana nufin rumbun zai ƙafe gobe ba. Ajiyar tana da yawa. Abin da ke fara faruwa shi ne ruwan ya riƙa nisa a inda ake yawan ɗibarsa: rijiyoyin da ba su da zurfi su fara mutuwa, foraj mai tunkuɗo ruwa da kansa ya rage ƙarfi, kuɗin fiddo kowace lita ya hau. Talaka mai guga shi ke fara ji, mai babban inji shi ke ji daga ƙarshe.

Kuma ba ko'ina lamarin yake ɗaya ba. A gabashin Yamai, masu bincike sun auna sun ga ruwan ƙasa ya hau da ƴan mitoci tun daga shekarun 1960, saboda sare dajin da aka yi ya sa ruwan sama yana gudu ya taru a tabkuna, daga nan ya nutse. Ruwan ya ƙaru, amma da asarar ƙasa da makiyaya aka saye shi. Birnin Damagaram kuma a kan dutse yake zaune, wanda ba ya riƙe ruwa sosai, shi ya sa ake jawo masa ruwa daga nesa, daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram. A Maraɗi, masu lambun gulbi sun san yadda gudun ruwan ya canza tun da aka gina dam ɗin Jibiya a jihar Katsina. Kowane yanki da labarinsa, saboda haka kowace ƙungiya tana bukatar sanin halin rijiyarta da kanta.

Wanda ya riga mu gwadawa

Masu zuwa aikin hajji sun san Saudiyya da arziki. Ƙasar ta taɓa zuba kuɗi ta noma alkama a cikin hamada da irin wannan tsohon ruwa, har ta kai tana sayarwa waje. Da aka ga yadda ruwan ke sauka, a 2008 gwamnati ta yanke shawarar janyewa sannu a hankali, zuwa 2016 aka tsayar da shirin, aka koma sayen alkama daga ƙetare. Suna da man da za su kunna kowane irin inji, amma kuɗi bai mayar da ruwan da aka kwashe ba.

A gida ma mun ga yadda arzikin cikin ƙasa ke ƙarewa. Mahaƙar yuraniyom ta Cominak da ke Akuta, kusa da Arlit, ta yi aiki tun 1978, aka rufe ta a ƙarshen watan Maris na 2021 saboda abin da ake haƙowa ya ƙare. Iyalai da yawa sun ɗauka wurin zai ci gaba har jikokinsu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Man ma ba ya haihuwa

Fetur da gazuwal da kwal sun samu ne daga ragowar halittun da ƙasa ta binne shekaru miliyoyi. Ba a shuka su, ba sa tohuwa. Nijar tana da nata a Agadem. Matatar SORAZ da ke arewacin Damagaram ta fara aiki a ƙarshen 2011, tana iya tace ganga 20,000 a rana, kuma tun 2024 ana tura ɗanyen mai ta bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa bakin teku a Benin. Wannan arziki ne, amma shi ma rumbu ne mai gindi.

Makiyayi ba sai ya jira ranar da rijiyar Agadem za ta ƙafe ba kafin ya ji a jikinsa. Mun riga mun ɗanɗana. Shekaru da yawa kudancin ƙasar nan da man ƴan ruwa-ruwa yake tafiya, mai arha da ke shigowa daga Najeriya. Da gwamnatin Najeriya ta cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu na 2023, arhar ta tafi cikin ƴan kwanaki, kowa ya koma kan man gida. A watan Maris na 2025, daidai lokacin da zafi ke shigowa, an yi ƙarancin esansi har aka riƙa kwana a layi a gidajen mai. Mutumin birni a irin wannan rana aiki yake makara. A daji kuwa, in inji ya tsaya kwana biyu a watan Afrilu, shanu dubu ne ke tsaye a rana suna kuka.

Ga inda ruwa da mai suke haɗuwa. Ƙarfin da ake bukata don ɗaga ruwa yana tafiya da zurfinsa. In ruwan foraj ya sauka daga mita 40 zuwa mita 60, man da ake ƙonawa don cika tano ɗaya zai ƙaru da kusan rabi. Wato in da ana zuba lita 10 a yini, yanzu sai 15, ruwan kuma bai ƙaru da ko kofi ɗaya ba. Daga nan kuɗin shayar da kowace dabba ya hau, kwamiti ya shiga bashi, a bar gyaran inji, inji ya mutu a tsakiyar bazara.

Mai yana shiga lafiyar garke ta wasu ƙofofin kuma. Dusa da gurya da tunkuza a mota suke zuwa, in gazuwal ya yi tsada buhu ya yi tsada. Dillalin da zai kai dabba kasuwar nesa yana cire kuɗin mota daga farashin da zai ba ka. Mu ma da babur muke kai allura, kuma maganin rigakafi yana bukatar sanyi, tsakanin digiri 2 zuwa 8, tun daga ma'ajiya har bakin garke. In firij ya mutu ko tafiya ta yi tsawo ƙanƙara ta narke, maganin ya zama ruwan banza ko da kwalbar tana cike.

Nawa garke ke sha?

Babbar saniya tana shan lita 20 zuwa 25 a lokacin sanyi, a bazara kuma ta kai 30 zuwa 40, mai shayarwa har ta wuce haka, domin kusan kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne. Tunkiya ko akuya tana bukatar lita 4 zuwa 5 a zafi. Raƙumi yana jure kwanaki, amma ranar da ya zo yana iya shanye lita 100 a tsaye.

Mu ɗauki gida mai shanu 50 da ƙananan dabbobi 100. Shanu a kan lita 30 sun sha 1,500, ƙananan a kan lita 5 sun sha 500. Jimla lita 2,000 ke nan, tano goma kowace rana. Foraj da shanu 3,000 ke sha kullum yana fidda lita 90,000 a yini. A wata takwas na rani, wato kwana 240, ya haura lita miliyan 21. Wannan na shanu kaɗai ne, ban sa mutane da jakuna da raƙuma ba, ban kuma sa wanda ke zubewa ta fasasshen kwami da famfon da ba ya rufuwa ba.

Abin da nake gani a jikin dabbobi

Dabbar da ba ta samu ruwa ya ishe ta ba, cin abinci take fara ragewa, ko da ciyawa tana gabanta, domin busasshiyar ciyawa ba ta narkewa a tumbi sai da ruwa. Daga nan nono ya ragu, ɗan maraƙi ya rame, mai ciki ta yi ɓari ko ta haifi ɗan da ba ya iya tsayuwa. Za ku gane ƙishirwa ta yi yawa in hanci ya bushe, ido ya faɗa, kashi ya yi tauri, fitsari ya yi kaɗan ya yi duhu. A kama fatar wuya a ja a saki. In ta koma nan take, da sauƙi. In ta tsaya a tattare na ɗan lokaci, dabbar tana bukatar taimako a ranar.

Akwai kuskuren da ke kashe dabbobi bayan an riga an kai bakin ruwa. Garken da ya yi kwana biyu ko uku bai sha ba, in aka sake shi ya sha iya cikinsa a lokaci guda, wasu sukan fara rawar jiki, su yi ta zagaye, su faɗi. Gishirin jikinsu ne ya taru lokacin ƙishirwa, ruwa mai yawa ya shiga da sauri, ƙwaƙwalwa ta kumbura. A ba su kaɗan, a janye su zuwa inuwa, bayan rabin awa ko awa ɗaya a ƙara, a yi haka har su ƙoshi. Kuma kada a ba dabba kanwa ko gishiri a ranar da ba a da tabbacin ruwa.

Tabkin da ke janyewa shi ma yana da nasa sharri. A ruwan da ya daɗe kwance da ciyawar bakinsa ne ƙananan dodon koɗi ke rayuwa, su ne ke ɗauke da tsutsar hanta. Dabbar da ta kamu tana ramewa, cikin fatar idonta ya yi fari, ƙasan haɓarta ya kumbura. Kashin dabbobi yana taruwa a ɗan ruwan da ya rage, tsutsar ciki da zawo su yaɗu. In ruwa ya yi kore shar kamar an zuba fenti, yana wari, a kau da garke, irin wannan gansakuka tana iya zama guba. Raunana kuma cikin taɓo suke maƙalewa su mutu a nan, gawarsu ta ƙara ɓata ruwan.

Sai cunkoso. Idan rijiyoyi biyar suka mutu, garkunan da suke sha a can duk a kan ta shida za su taru. Ciwon huhu na shanu ta numfashi yake yaɗuwa, kuma babu inda shanu ke haɗa hanci kamar bakin kwami. Haka ciwon PPR na awaki da tumaki, mai zuwa da majina da gyambon baki da zawo, yana iya share rabin garke ko fiye in ba a yi rigakafi ba. Gwamnati tana yin kamfen na allura kowace shekara a kan waɗannan biyun. Amfaninsa yana cika ne in an yi kafin taron bazara, domin jiki yana ɗaukar mako biyu zuwa uku kafin kariyar ta kama.

Ciwon saifa kuma ƙwayarsa tana zama a ƙasa shekaru da dama. Idan ciyawa ta ƙare dabba tana kiwo har tana haɗawa da ƙasa, sai ta ɗauka. Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, baƙin jini na fita ta hanci ko ta dubura kuma ba ya daskarewa, kada a feɗe ta, kada a ci, kada a cire fata. A kira ma'aikacin dabbobi, a binne ta da zurfi nesa da rijiya. Wannan ciwo yana kama mutum.

Ruwa mai zurfi ma ba kullum yake da lafiya ba. Wani yana da gishiri ko kanwa da yawa, yana sa zawo, dabba ta sha ta ƙara jin ƙishirwa. Wani yana ɗauke da sinadarin fuluwo, wanda ba a ganinsa, ba a jin ɗanɗanonsa. Mutanen Maraɗi ba su manta da Tibiri ba, inda ruwan wani foraj da aka sha shekaru ya lalata haƙora ya tanƙwara ƙasusuwan ɗaruruwan yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar wannan sinadari a miligiram 1.5 cikin lita ga ruwan shan mutane. A dabbobi alamarsa ita ce haƙora masu tabo da saurin cinyewa, da ɗingishi ba tare da rauni ba. Duk sabon foraj, ku nemi a gwada ruwansa a ba ku takardar sakamako kafin a buɗe, ku ajiye ta a wurin kwamiti.

Sabon foraj ba ya haifar da ciyawa

Duk taron da na je, buƙatar farko ita ce a ƙara foraj. Akwai wuraren da lalle suna bukata. Amma dattawan arewacin Tawa sun ga abin da ya biyo bayan manyan tashoshin famfo da aka buɗe a farkon shekarun 1960: ruwa ya samu a sauƙaƙe, garkuna suka zo daga ko'ina, ciyawar kewaye ta ƙare tun rani bai raba ba. A farin 1973 da na 1984 dabbobi da yawa sun mutu da yunwa a kusa da ruwa.

Rijiyar gargajiya tana da wani birki a jikinta. Sa yana gajiya, igiya tana da iyaka, ruwan da ake iya ja a yini shi ke ƙayyade yawan dabbobin da za su zauna, ciyawa kuma ta kai su damina. Inji ya cire wannan birki. Shi ya sa dokar makiyaya ta 2010 ta tsara tazara tsakanin mashayu a yankin kiwo: kilomita 15 tsakanin rijiyoyin gargajiya, 20 tsakanin na siminti, 30 tsakanin foraj. Dokar ta kuma tabbatar da cewa tafiya da garke haƙƙin makiyayi ne. Tafiyar nan ita ce ke ba ƙasa hutu, ta ruwa da ta ciyawa. Idan wani zai haƙa sabuwar mashaya a yankinku, kuna da damar zuwa wurin kwamitin filaye, wato Kofo ta gari ko ta komin, ku tambaya ko an ba da izini kuma ko an kiyaye tazarar.

Famfo mai aiki da hasken rana alheri ne babba. Ba ya jiran tanka, ba ya hayaƙi, kuɗin tafiyar da shi kaɗan ne. Ina goyon bayan duk ƙungiyar da ke son komawa kansa. Amma tsadar gazuwal, duk da ciwonta, tana sa mutum ya kashe inji in kwami ya cika. Da hasken rana babu mai jin zafin aljihu, sai a bar famfo yana zuba tun safe har la'asar, shato ya cika ya yi ta malala, wani ya ja tiyo ya buɗe lambu. Rana ba ta ƙarewa, amma ruwan da take ɗagowa shi ne dai wancan tsohon. Wanda ya sa faranti, ya sa kwantar da ke ƙirga ruwa da abin da ke tsayar da famfo in shato ya cika. Kuma a ci gaba da karɓar kuɗin ruwa, domin ranar da famfon zai lalace tana zuwa, gyaransa kuma ba arha ba.

Abin da ƙungiya za ta iya yi da hannunta

Na farko, awo. Ba ya bukatar na'ura. A samu igiya a ɗaura mata ƙulli a kowace mita, ko kowace gaba in an fi sabawa da ita, a ɗaura ɗan ƙarfe a baki. Ranar ɗaya ga kowane wata, da asuba kafin kowa ya ja ruwa, a auna daga bakin rijiya zuwa fuskar ruwa a rubuta a littafi. A foraj, mai kula da inji ya rubuta awa nawa ya yi aiki, lita nawa ta mai ya sha, da lokacin da shato ya ɗauka kafin ya cika. Saukar ruwa daga kaka zuwa bazara abu ne na kullum. Abin dubawa shi ne Afrilun bana da Afrilun bara da na bara waccan. In kowace shekara yana ƙara nisa ko bayan damina mai kyau, ana ɗiba fiye da kima. In kuwa fuskar ruwa tana inda take amma abin da ke fitowa ya ragu, mai yiwuwa rairayi ne ya toshe ko famfo ya gaji, yasa ko gyara zai wadatar. Littafin nan shi ne hujjarku a gaban magajin gari da ma'aikatar ruwa.

Na biyu, toshe ɓarna. Famfon da ke ɗiga, kwamin da ya tsage, tiyon da ya huje, duk ruwa ne da aka riga aka biya kuɗin mansa. Taɓon da suke yi a bakin mashaya kuma shi ke ruɓar da kofato ya tara tsutsa. A yi daɓen siminti mai gangara, a raba wurin ɗibar mutane da na dabbobi, a wanke kwami a kai a kai, a ware wani kwami can gefe don marasa lafiya da baƙin dabbobin da aka sayo daga kasuwa.

Na uku, ajiyar mai da kuɗin gyara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun watan Janairu kwamiti ya tanadi man da zai riƙe inji aƙalla mako biyu, a wuri mai inuwa nesa da rijiya, domin gazuwal kaɗan yana ɓata ruwa mai yawa. Kada a bar tsohuwar rijiya ta rushe don an samu foraj. A yashe ta, a gyara bakinta, a ajiye igiya da wasaki, a kuma bar shanun ja ko raƙumin da ya saba. Ranar da inji ya tsaya, ita ce za ta riƙe masu ciki da masu shayarwa.

Na huɗu, mayar wa ƙasa ruwa. Tsohon ruwa mai zurfi ba mu da ikon cika shi, amma na kusa muna iya taimakonsa. Duk abin da ke rage gudun ruwan sama yana ba shi lokacin nutsewa: rabin wata a kan fako, tassa, jeren duwatsu, shingayen da ake ginawa a kwaruruka. Mutanen Keita da Illela sun daɗe da wannan aiki, kuma akwai garuruwan da ruwan rijiyoyinsu ya matso bayan an gyara ƙasar da ke sama da su. Sassaben zamani da manoman Maraɗi da Damagaram suka riƙe ya dawo da itatuwa a kan kimanin hekta miliyan 5. Gawo ɗaya yana ba dabba ganye da ƴaƴa a daidai lokacin da babu komai, ga inuwar da ke rage mata ƙishirwa.

Na biyar shi ne mai nauyi, kuma na san ba a son jinsa. Garke dukiya ne, mutunci ne, gadon iyaye ne, ba ni ne zan gaya wa mutum yawan abin da zai riƙe ba. Amma a shekarar da damina ta gaza, lissafin ruwa da ciyawa yana bayyana tun watan Oktoba. Sa ko tsohuwar saniyar da aka sayar a Nuwamba tana da nama tana da daraja, kuɗinta zai sayi dusar da za ta tsirar da matasan mata. Ita ɗin in aka riƙe ta zuwa Mayu, ta sha ruwan wata shida, ta ci rabon wasu, a ƙarshe a sayar da ita kuɗin da bai kai na rago ba, ko a bar ta a hanya. Waɗanda suka ga bazarar 2010 sun san wannan. Haɗa garke da awaki da raƙuma, masu cin ganyen itace kuma masu jure ƙishirwa, shi ma yana rage nauyin da ke kan mashaya.

A taronku na gaba, ina roƙon a sa tambayoyi huɗu a gaba. Mita nawa ne zuwa ruwa a rijiyarmu yau, kuma wa zai riƙe littafin awo? Dabbobi nawa ne za su sha a nan a watan Afrilu, har da baƙin da suka saba zuwa? In inji ya tsaya kwana uku, ina za mu kai garke? An yi wa dabbobinmu allura kafin taro ya fara? Wanda ke son a nuna masa yadda ake haɗa igiyar awo ko tsara littafin, ya tuntuɓi ma'aikacin dabbobi ko na ruwa da ke komin ɗinsa. Aikin rabin yini ne, kuma watan da ya fi dacewa a fara shi ne wannan da muke ciki.